Muhawara: A waƙar kantiri, murya ce ke riƙe mawaƙi ko iya bakinsa?

Sadiq_Tudunwada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu sauraron waƙoƙin kantiri na Amurka, ku zo ku taya ni duba wata magana. Na jima ina bibiyar bikin karramawarsu na CMA da ake yi a Nashville duk Nuwamba, kuma abin da na fahimta shi ne, a wannan harkar iya baki ya fi murya riƙe mutum. Dolly Parton ta haura shekara 50 tana gaban 'yan jarida, ba a taɓa kama ta da kalmar da ta kayar da ita ba. Su kuwa Dixie Chicks jimla ɗaya tak ta rushe musu abin da suka yi shekaru suna ginawa. To wannan kame baki irin na Dolly, hikima ce ko tsoro?

Baba_Garba_Jos:
Wa alaikumus salam. Yaro ka tuna mini da baya. Mu a zamaninmu rediyo ne ke sa mana Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers, musamman ranar Lahadi da hantsi, ba mu san wani biki ba, ba mu san wa ya ci kyauta wa ya faɗi ba. Don Williams ma ai bai cika surutu ba, hularsa da gitarsa kawai. Ya ci kambun gwarzon mawaƙi namiji na CMA a 1978, ya rasu a 2017, ban taɓa jin an ce ga rigimarsa da ɗan jarida ba. Ina ganin maganarka da ƙamshin gaskiya.

Ummi_Maradi:
Don Allah ku yi mana bayani, mu da ba mu san labarin ba. Me su Dixie Chicks ɗin suka ce?

Kabiru_Alƙalami:
Anti Ummi, ga yadda aka yi. Mata uku ne 'yan jihar Texas, kuma a lokacin babu ƙungiyar da ta kai su kasuwa a kantiri. Ranar 10 ga Maris 2003, ana saura kwanaki kaɗan Amurka ta afka wa Iraƙi, suna wasa a Landan, sai jagorarsu Natalie Maines ta gaya wa 'yan kallo cewa ba sa son wannan yaƙin, kuma suna jin kunyar cewa shugaban Amurka, wato George Bush, ɗan Texas ne. Zauren ya tafa, aka ci gaba da waƙa. Jaridar Guardian ce ta kawo maganar cikin sharhinta kan wasan, daga nan ta tsallaka teku.

Kafin mako ya zagayo gidajen rediyo sun fara cire waƙoƙinsu. A jihar Louisiana har taro aka yi aka zube faifansu a ƙasa aka bi ta kai da tarakta. Maines ta ba da haƙuri, ba a saurare ta ba. Suka je suka zauna da Diane Sawyer a talabijin, nan ma bai kashe wutar ba. Da aka zo bikin ACM, wani bikin karrama mawaƙan kantiri, a watan Mayu na shekarar, ana ambaton sunansu aka ɗauki ihu a zauren. Har barazanar kisa aka yi wa Maines gabanin wasansu na Dallas.

Ummi_Maradi:
Ikon Allah. A ƙasar da kullum suke mana wa'azin 'yancin faɗar albarkacin baki?

Lauya_Bashir:
Gyara kaɗan, Anti. Gwamnati ba ta kama su ba, ba ta kai su kotu ba. Kasuwa ce ta hukunta su. Kuma akwai dalilin da ya sa hukuncin ya yi sauri haka. Dokar sadarwa ta 1996 ta buɗe ƙofa kamfani ɗaya ya mallaki gidajen rediyo barkatai. Saboda haka da kamfani irin Cumulus ya ce a daina sa su, tashoshi da yawa ne suka yi shiru lokaci guda. A kantiri kuwa, musamman a wancan lokacin, in rediyo ya juya maka baya to sai dai haƙuri.

DanKurmi88:
Amma ai a 2007 sun kwashe Grammy biyar a dare ɗaya, har da kundin shekara. Wane irin rushewa ke nan?

Kabiru_Alƙalami:
@DanKurmi88 masu zaɓen ne daban. Grammy mawaƙa da masu harkar kiɗa na kowane fanni ne ke jefa ƙuri'a. CMA kuwa 'yan gida ne, mutanen harkar kantiri, ciki har da ma'aikatan rediyon da suka kore su. Grammy ta rungume su, Nashville ba ta sake buɗe musu ƙofa yadda take a da ba. Ita ma Maines a 2006 ta fito ta ce ta janye haƙurin da ta bayar.

Direba_a_Tennessee:
Bari in sa baki tunda a Nashville ɗin nake neman abinci. Makon CMA mako ne na ciniki a wajenmu masu ɗaukar fasinja. Ana toshe titunan da ke kewaye da Bridgestone Arena, zauren da ake bikin, ga Broadway cike da masu hular kaboyi da dogayen takalma, wanda bai san gari ba sai ya yi ta zagaye.

Wata shekara na ɗauki wata mata da wani saurayi daga otal. Ita tana riƙe da rigarsa a cikin leda a rataye, wayoyi biyu a cinyarta. Tun da muka tashi take jefa masa tambayoyi kamar 'yar jarida, shi yana amsawa. In ya amsa sai ta ce ya yi tsawo, ya rage. Ta tambaye shi ra'ayinsa kan zaɓe, ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu, ta ce abin da zai ce shi ne yau daren waƙa ne, kuma yana godiya ga masoyansa da gidajen rediyo. Ya maimaita, ta ce ya ƙara murmushi. Yaron gumi yake yi alhali ana sanyi. Ban san shi ba, har yau ban kuma ganin fuskarsa a allo ba. Amma tun daga ranar in na ga mawaƙi a kan jar darduma yana zuba amsa sumul, na san an sha bita a bayan mota.

Sadiq_Tudunwada:
Yawwa Yaya Direba! Ka ga abin da nake faɗa. Tun kafin a san muryarsa an fara koya masa rufe baki.

Hajiya_Turai:
Sadiq, ni ban yarda a kira abin da Dolly take yi rufe baki ba. Matar nan ta fi kowa surutu. Ka nemi hirarta da Barbara Walters ta 1977 ka kalla. Tambayoyin raini aka yi ta jefa mata, kan shigarta, kan gashin da take sawa, kan ko ta san mutane na mata dariya, kan ƙauyancin mutanen tsaunukan da ta fito. Ba ta fusata ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta nuna ta san abin da take yi sarai, shigar ma da gangan take yinta, kuma ta san kanta fiye da yadda mai tambayar ke zato. 'Yar talakawa ce cikin 'ya'ya 12 a gabashin Tennessee, ta koyi yadda za ta riga ka yi wa kanta dariya, sai ka rasa abin da za ka soke ta da shi.

Abin da ta ƙi shi ne a ja ta cikin rigimar jam'iyya. A bikin Emmy na 2017 ta hau dandamali da Jane Fonda da Lily Tomlin, su biyun suka yi wa Trump shaguɓe, ita tana tsakiya, sai ta karkatar da zancen da barkwanci. Amma a 2020 da mujallar Billboard ta tambaye ta kan zanga-zangar baƙaƙen fata, ta fito fili ta goyi bayan cewa rayukansu na da daraja. A shekarar ta ba jami'ar Vanderbilt dala miliyan 1 don binciken korona. A 2021 'yan majalisar jiharta suka so kafa mata mutum-mutumi, ta ce su bari. Matsoraci ba ya haka.

Kabiru_Alƙalami:
Hajiya, da girmamawa, mu 'yan jarida a wajen aiki irin su Dolly sun fi kowa wahalar hira. Za ta ba ka dariya, ta ba ka labari mai daɗi, ka fito kana murna, sai ka zauna rubutu ka ga babu abin da ta faɗa wanda ba ta faɗa wa wani ba shekara 20 da suka wuce. Gwaninta ce, na sara mata. Amma kada mu ce ba lissafin kasuwa a ciki. Masu sayen waƙarta rabi suna wannan jam'iyya rabi suna waccan, ta kuma sani.

Hajiya_Turai:
To Malam Kabiru, laifi ne mutum ya san inda abincinsa yake? Ku dai ba ku samu kanun labari ba ne shi ya sa.

Maman_Iman:
Ni mijin Dolly ne ke burge ni, Carl Dean. Sun yi aure a 1966, ya raka ta taron karramawa sau ɗaya a farkon aurensu, ya ce shi da irin wannan taro har abada. Haka kuwa aka yi, ya koma harkarsa ta shimfiɗa kwalta, har wasu suka riƙa cewa ma babu shi. Ya rasu a Maris 2025. Kusan shekara 60 da aure, 'yan jarida ba su samu ƙofar shiga gidan ba.

Abu_Huzaifa:
Jama'a, duk matsalolin da ke damunmu a rasa abin tattaunawa sai mawaƙan Turawa?

Admin_Zaure:
Malam Abu Huzaifa, sashen nishaɗi ne nan, akwai sauran sassa a buɗe. A ci gaba, a kiyaye harshe.

Injiniya_Sauti:
Ni ɓangaren hawa dandamalin nake so in taɓa, don aikina ke nan, haɗa sauti a wajen taro. Mutane na ganin mawaƙi ya fito ya yi minti uku ya sauka, ba su san abin da ke bayan labule ba. Shiri ne na kusan awa uku kai tsaye a talabijin, an yanka shi daƙiƙa-daƙiƙa saboda tallace-tallace. Kafin wannan ya gama an riga an jera kayan na gaba a gefe. Babu lokacin gwada kowace gita da kowace ganga, shi ya sa masu shirin ke son a naɗi kiɗan tun kafin ranar, mawaƙi ya hau kai. Wani lokaci ma har muryar.

A 2017 Garth Brooks ya yi mamin a bikin CMA, a daren da aka ba shi kambun gwarzon shekara. Da ya shiga ɗakin 'yan jarida aka tambaye shi, bai yi musu ba, ya ce muryarsa ta dushe saboda wasanni a jere. Wasu abokan sana'arsa irin su Eric Church sun soke shi, amma maganar ba ta yi nisa ba tunda shi da kansa ya faɗa.

Wanda ya fi ba ni dariya Alan Jackson ne a bikin ACM na 1994. An ce lallai sai ya hau kan kiɗan da aka naɗa. Bai yi gardama ba. Sai ya sa mai gangarsa ya zauna yana ta kaɗa hannu a iska babu sandunan kiɗa, ga sautin ganga na tashi rangaɗaɗau. Duk mai ido ya gane.

DanKurmi88:
Hahaha wallahi na ga bidiyon. Mutumin ya dage yana dukan iska da gaske.

Baba_Garba_Jos:
Ai Alan Jackson ɗin nan ɗan halak ne. A 1999 masu CMA suka ce wa George Jones, dattijon da kowa ke kira uba a harkar, ya taƙaita waƙarsa in zai hau. Ya ji an raina shi, ya zauna a gida. Alan Jackson yana tsakiyar tasa waƙar sai ya katse, ya ɗauko ta dattijon ya rera, zaure ya miƙe tsaye, shi kuma ya sauka ya yi tafiyarsa. Bai kira taron manema labarai ba. Sadiq, wannan a wane layi za ka sa shi, masu shiru ko masu magana?

Sadiq_Tudunwada:
Baba, wannan ai da 'yan gida ya yi rigimarsa, kuma masu sauraro na bayansa. Bai taɓa abin da zai ɓata musu rai ba.

Zee_Kumasi:
Ni tausayi suke ba ni lokacin buɗe ambulan. Mutum biyar, kowa an saita masa kyamara a fuska, huɗu za su faɗi, kuma dole kowa ya yi murmushi ya tafa. A 2006 da aka kira Carrie Underwood, kyamara ta kama Faith Hill ta watsa hannuwa kamar ta fusata. Ta ce wasa take yi, ita ma Carrie ba ta ɗauke shi da zafi ba, amma aka yi makonni ana tauna maganar. Daƙiƙa biyu fa.

Injiniya_Sauti:
@Zee_Kumasi ai gara ita. A 1975 Charlie Rich ne zai sanar da gwarzon shekara, ya buɗe ambulan ya ga sunan John Denver, ya zaro laita ya cinna wa takardar wuta a gaban kowa. Har yau ana gardama ko adawa ce da shigowar 'yan waje harkar, ko kuwa ba ya cikin hayyacinsa ne a daren. Ko ma mene ne, tauraronsa bai sake haskawa kamar da ba.

Ummi_Maradi:
To in wahalar ta kai haka me ya sa suke rububin zuwa?

Kabiru_Alƙalami:
Saboda dare ɗaya na iya canza rayuwar mutum. Chris Stapleton ya yi shekaru yana rubuta wa wasu waƙa, jama'a ba su san fuskarsa ba. A bikin CMA na 2015 ya hau tare da Justin Timberlake, ya kuma ci kyauta uku. Kundinsa da ya riga ya fice daga jadawalin Billboard ya dawo kai tsaye a lamba ta ɗaya. Wa zai ƙi?

Kuma kada a ɗauka mawaƙa kaɗai ake ɗaure wa baki. A 2017, wata guda bayan harbin da aka yi a wajen wasan kantiri a Las Vegas inda mutum 58 suka mutu a daren, CMA ta fitar da ƙa'ida cewa ɗan jaridar da ya yi tambaya kan harbin ko bindiga ko siyasa za a iya ƙwace katinsa a fitar da shi. Brad Paisley, wanda shi ne mai gabatar da bikin tare da Carrie Underwood, ya fito ya ce wannan bai dace ba. Ba a jima ba suka janye suka ba da haƙuri.

Nafisa_Abuja:
Na karanta duka, kuma ina ganin tambayar Sadiq ta bar wani abu a baya. In iya baki ne ke riƙe mutum, ku bayyana mini Morgan Wallen. A Fabrairu 2021 aka fitar da bidiyonsa yana furta kalmar nan ta cin zarafin baƙaƙen fata. Kamfaninsa ya dakatar da shi, rediyo suka cire shi, ACM ta ce ba zai shiga takara ba a shekarar. Me ya biyo baya? Cinikinsa ya ƙaru. Kundinsa ya yi mako 10 a jere a lamba ta ɗaya. Ya je hira da Michael Strahan ya ba da haƙuri, a hankali rediyo suka mayar da shi, a 2024 CMA ta ba shi gwarzon shekara, bai ma halarci bikin ba.

Natalie Maines ta soki yaƙi, aka bi faifanta da tarakta. Wannan ya yi abin da ya fi nata muni nesa ba kusa ba, aka ƙara saye. Duka biyun bakinsu ya kuɓuce. Bambancin shi ne wa maganar ta ɓata wa rai. Tata ta taɓa masu sayen faifan, tasa ta taɓa waɗanda dama ba su ne kasuwar ba. Sannan ita mace ce, a harkar da a 2015 wani mai ba gidajen rediyo shawara ya fito ya ce a rage sa waƙoƙin mata in ana son masu sauraro.

Lauya_Bashir:
Nafisa ta kawo hujja mai ƙarfi. Sai dai a ƙara da cewa zamani ya canza. A 2003 rediyo ne kaɗai hanya. A 2021 masoyan Wallen na da Spotify da YouTube, ba sa jiran wani ya zaɓa musu. Da Dixie Chicks sun samu wannan, wataƙila da labarin ya bambanta.

Nafisa_Abuja:
Wataƙila, Barista. Amma a 2016 da suka dawo dandamalin CMA tare da Beyoncé, a intanet ɗin ne aka fi zaginsu.

Direba_a_Tennessee:
Maganar launin fata kam tana nan. Charley Pride da ya fara a shekarun 1960, kamfanin RCA ya tura waƙoƙinsa na farko gidajen rediyo babu hotonsa. Sai da mutane suka so muryar sannan suka ga mai ita. Ya zama gwarzon shekara na CMA a 1971, kuma duk rayuwarsa tambaya ɗaya 'yan jarida ke maimaita masa, yaya yake ji a matsayin baƙi a waƙar farare. Ya sha amsa ta da raha. Hawansa na ƙarshe a bikin CMA ne na Nuwamba 2020 inda aka karrama shi, bayan wata guda korona ta yi ajalinsa yana da shekara 86.

DanKurmi88:
Ga kuma namu, Shaboozey, iyayensa 'yan Najeriya ne, a Virginia aka haife shi, ya ma yi wani ɓangare na karatunsa a makarantar kwana a Najeriya. Waƙarsa ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2024, ya je CMA ya dawo hannu rabbana, har wani ya yi wasa da sunansa a kan dandamali. Bai tanka da zafi ba. Ita ma Beyoncé ko sunanta ba a sa a takara ba a shekarar, sai ga Grammy ta ba ta kundin kantiri mafi kyau a 2025.

Hajiya_Turai:
To kun gani. Shi ma yaron hanyar Dolly da Charley Pride ya bi. Da ya yi faɗa a daren, da yanzu labarin faɗan ake yi.

Nafisa_Abuja:
Hajiya, ko kuma ya san ba shi da gatan da zai yi faɗan a yafe masa. Wallen na da wannan gatan.

Sadiq_Tudunwada:
Anti Nafisa, ko a hakan ai maganata ba ta faɗi ba. Wanda ba shi da gata dole ya iya bakinsa, kuma yawancinsu ba su da shi lokacin da suke farawa. Yaron da Yaya Direba ya ɗauka ba zai iya abin da Alan Jackson ya yi ba.

Kabiru_Alƙalami:
Ni dai har yanzu ba a amsa mini ba ko Dolly za ta yi maganar da ta yi a 2020 da a ce a 1975 aka tambaye ta, lokacin tana neman rediyo ido rufe.

Maman_Iman:
Malam Kabiru, kai ma da a ce kana sabon ɗauka a wajen aiki ba duk abin da ke ranka za ka rubuta ba.

Baba_Garba_Jos:
Injiniya, wannan bidiyon na mai ganga babu sanda, a ina zan same shi? Jikana ya ce zai buɗe mini a waya in ya dawo daga islamiyya.

Injiniya_Sauti:
Baba, ya rubuta sunan Alan Jackson da ACM 1994 a YouTube zai fito. Ku lura da bayan mawaƙin, ba a cika nuna mai gangar kusa ba, sai an sa ido.